Kar ka bar kwale-kwalen nan a tudu har ƙarshen hunturu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi tsohon kwale-kwalen katako, yana kwance a ƙofar gidanku a Daura, kana so ka sauya katakan gefe, ka yi fenti, ka kafa sanda ka ɗaura tamfol irin na mutanen Yauri don iska ta riƙa tura ka, amma kana tunanin ko ka fara shiga ruwa tukuna. Ni na daɗe ina bin masunta a dam ɗin Sabke da na Daberam, kuma shawarata ka kai shi ruwa cikin makon nan.

Katako a tudu ba hutawa yake ba. Iskar hunturu tana zuƙe danshinsa, allunan su tsuke, tsakaninsu ya buɗe har ka hango ƙasa ta ciki. Gara kuma tana aikinta daga ƙasa ba ka gani. Wannan tsagar da ke tayar maka da hankali, da yawanta ruwa ne maganinta: ka nutsa jirgin a bakin gaɓa ya kwana biyu ko uku, katakon ya sha ya kumbura, sannan ka kwashe ruwan ka duba. Inda ya ci gaba da yoyo, nan ne aikinka, ka cusa auduga ko tsumma, ka bi da kwalta mai zafi. Wanda ya toshe komai tun yana bushe, in katakon ya kumbura sai ya matso abin da ya cusa waje, wani lokaci har ƙusa ta ɗago.

Akwai abin da ba a ɗagawa gobe. Ka bi gindin jirgin da bakin wuƙa ko sukundireba. Inda ya nutse kamar cikin kabewa, wannan allon ya mutu, a cire shi. In ka samu maɗaci ko kawo, su ne masu jure ruwa, sai dai sun yi tsada yanzu. Ka samu rigar ceto, filafili biyu, gora doguwa, da galan da aka yanke na kwasar ruwa, a ɗaure shi da igiya. Kuma ka san iyakar abin da jirgin zai ɗauka. Hatsarin Bagwai a dam ɗin Watari cikin Nuwamba 2021, wanda ya ci yara 'yan Islamiyya da yawa, lodi ne fiye da kima.

Fenti kuwa, Allah na tuba, kifi bai san shi ba. Ya jira.

Maganar tamfol ita ce ma ta fi buƙatar ka fara shiga ruwan. Kwale-kwalenmu gindinsa shafaffe ne, ba shi da abin da zai riƙe shi a ƙasa, don haka iska a baya kawai take yi masa amfani; in ta bugo ta gefe, zamewa zai yi ko ya kife. Tafkin Kainji faɗi gare shi, mutanen Yauri can suna da filin bin iska. Dam ɗinmu ƙanana ne, ga kututture a ƙarƙashi in ruwa ya ja. Sai ka yi ta fita da filafili ka ji yadda jirgin ke karkata kafin ka san inda sanda za ta tsaya da tsawon da za ta yi. Ka fara da buhu biyu a ɗinke maimakon tamfol, igiyar a hannunka, kar ka ƙulle ta, don in iska ta taso ka saki nan take.

Da hunturu iskar tana zuwa daga arewa maso gabas, ana iya karanta ta. Da bazara ta kama, hadari kan taso daga gabas ba sallama, lokacin ba na ɗan koyo ba ne. Fitarka ta farko ka gaida Sarkin Ruwan wurin, ka roƙi wani masunci ya zauna maka a baya, ku bi gefen gaɓa da sassafe kafin iska ta yi ƙarfi.