Tambayi Likita: Gwajin Idon Yara Kafin a Koma Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da yara uku, babban shekararsa tara, mai bi masa shida, autar kuma huɗu, wadda za ta fara zuwa makaranta a watan Satumba. A ƙarshen zangon da ya wuce malamin babban ya gaya mini cewa ba ya kwafar aiki daga allo, sai dai ya riƙa leƙen littafin wanda ke kusa da shi. Mahaifinsu ya ce wasa ne ya yi masa yawa, kuma gaskiya yaron bai taɓa kukan ciwon ido ba. Shin akwai buƙatar in kai shi asibiti, kuma wane lokaci ya fi dacewa?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kai shi, ki haɗa da ƙannensa biyu, kuma ki yi hakan a farkon watan Agusta ko tsakiyarsa, kada ki bari sai hutu ya zo ƙarshe.

Shirun da yaron ya yi ba shaida ba ce ta cewa idonsa lafiya lau yake. Yaron da ya taso yana ganin abin da ke nesa dishi-dishi bai san cewa sauran mutane suna gani tarwai ba, don haka ba shi da abin da zai kawo ƙara a kai. Abin da yake yi shi ne ya nemi dabara: ya ƙanƙance ido idan zai dubi allo, ya karkatar da kai, ya matsa dab da talabijin, ya kusanto da littafi har kusa da hancinsa, ko kuma ya yi abin da malamin ya lura da shi, wato ya kwafa daga littafin abokin zamansa. A ajin da ya cika maƙil, inda allon ya koɗe kuma hasken taga bai wadata ba, irin wannan yaro yakan sha bulala, a kira shi daƙiƙi, alhali tabarau kawai yake buƙata. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin yaron da aka daɗe ana gaya masa ba ya ganewa yakan ƙarasa ya yarda da hakan, ya saki karatun.

Dalilin da ya sa na ce a je da wuri yana da nasaba da yadda gwajin yake. Da farko za a zaunar da yaro mita 6 daga allon haruffa, a rufe ido ɗaya, a gwada ɗayan. Idan an rubuta 6/6, gani ya cika. Idan an rubuta 6/18, ma'anarsa ita ce abin da mai lafiyar ido yake karantawa daga mita 18, shi sai ya matso mita 6 sannan ya iya. Bayan haka sau da yawa akan ɗiga wa yara wani magani da ke buɗe baƙin ido, ya kuma sassauta naman cikin ido da ke daidaita gani, saboda idon yaro yana da ƙarfin da zai iya ɓoye ainihin matsalar idan ba a yi haka ba. Maganin yakan bar yaro yana ganin rubutu a dagule, hasken rana kuma yana damunsa, na wasu sa'o'i ko yini guda, wani nau'in ma har kwanaki. Ba abin tsoro ba ne, amma ba a so ya faɗo a ranar makaranta. Idan kuma aka rubuta tabarau, yankawa da haɗawa kan ɗauki kwanaki, yaron ma yana buƙatar mako ɗaya ko biyu kafin ya saba da shi. Sannan kowane mai iyali ya san yadda makon ƙarshe na hutu yake: ga kuɗin makaranta, ga ɗinkin kaya, ga littattafai, kuma a cikin wannan rububin kuɗin tabarau ne ake fara ɗagewa zuwa wani lokaci.

Autar taki ita ce na fi so kada a bari a gida, ko da yake babu wanda ya yi ƙorafi a kanta. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne tun daga haihuwa har zuwa wajen shekara bakwai ko takwas. Idan ido ɗaya yana kai mata hoto garau, ɗayan kuma yana kai dusasshe, ko kuma ɗayan ya karkace irin na harara-garke, sai ta dogara ga mai kyaun, ta yi watsi da ɗan'uwansa. A waje ido yana nan fes, yarinya tana wasanta, babu mai zargin komai. Idan aka gano da wuri, ana gyarawa da tabarau da kuma rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum domin a tilasta wa raunannen yin aiki, amma da zarar shekarun nan sun wuce, gyaran yakan yi wuya matuƙa. Kada rashin iya karatunta ya hana ki, domin akwai allo mai hotuna, akwai kuma mai harafin E da ake jujjuyawa, yaro ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun harafin suka fuskanta.

Tunda kina Zariya, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ke, ga kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ki tafi da sassafe, ki sanar da likita idan akwai wanda aka haifa bakwaini, ko mai sikila, ko kuma idan a danginku ko na maigida akwai masu sa tabarau tun suna ƙanana. Bayan wannan zuwan, a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, wanda aka ba tabarau kuwa duk shekara.

Tambaya: Likita, an rubuta wa 'yata mai shekara goma sha ɗaya tabarau saboda ba ta hangen nesa, amma mahaifiyata ta hana. Ta ce yarinya ta yi ƙanƙanta, kuma gilashi yana ƙara kashe ido, duk wanda ya fara sawa ba ya rabuwa da shi. Ba na son saɓa mata. Yaya zan yi?
Daga wani magidanci a Kano

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa biyayya, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da ta lura da shi akwai gaskiya a cikinsa, sai dai sanadin ba tabarau ba ne. Rashin hangen nesa yakan samo asali ne daga ƙwayar ido da ta ɗan fi ƙima tsawo daga gaba zuwa baya, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu kafin ya isa bangon idon da ke karɓarsa. Yayin da yarinya take girma, idon ma yana girma, shi ya sa lambar tabarau kan ƙaru har zuwa wajen shekara ashirin, ko ta sa ko ba ta sa ba. Shi kuwa rashin rabuwa da shi, wanda ya ɗanɗana gani garau ba zai so ya koma cikin hazo ba.

Shawarata ita ce ka nemi alfarmar Hajiya ta raka ku asibiti, ta ga jikarta a gaban allon gwaji, ta ga inda take tsayawa ba tabarau da kuma layukan da take saukowa a kai idan an sa mata. Hakan ya fi dogon bayani tasiri. Kada kuma a saya wa yarinyar tabarau na kasuwa, domin yawancinsu an yi su ne don manyan da suka haura shekara arba'in masu wahalar karanta ƙananan rubutu. A zaɓa mata mai idon roba wanda ba ya saurin fashewa, a bar ta ta zaɓi ƙirar da take so, a kuma sanar da malamar ajinsu tun ranar farko domin ta tsawata wa masu tsokanar "mai ido huɗu", saboda wannan tsokana ce ke sa yara da yawa ɓoye tabarau a jaka. Wasa a fili cikin hasken rana na kamar sa'a biyu a yini, tare da rage ƙura wa waya ido, yana da amfani ga ita da ƙannenta.

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai yana yawan susar ido, farin idonsa har ya koma ruwan ƙasa. Akwai wani maganin ɗigawa da nake saya a kemis, yana jin sauƙi nan take, amma da an daina sai ƙaiƙayin ya dawo. In ci gaba da shi idan an koma makaranta?
Daga wata mai karatu a Sakkwato

Amsa: Malama, kada ki ƙara sayen wani sai likitan ido ya gan shi, kuma a kai shi cikin wannan makon. Abin da kika bayyana ya yi kama da ƙaiƙayin da ƙura da zafi ke tayarwa, wanda ya yawaita a tsakanin yara maza a yankinmu. Magungunan da ke kwantar da shi nan take sau da yawa suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda idan aka daɗe ana ɗigawa ba tare da kulawar likita ba yake iya haddasa hawan jinin ido ko yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa. Ki tafi da kwalbar a hannunki zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibitin ido da ke kusa, ki faɗi tsawon lokacin da aka yi ana amfani da ita, ki kuma nemi a auna ƙarfin ruwan idonsa. Kafin ranar, ki riƙa ɗora masa tsabtataccen ƙyalle da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan rufaffen ido, ki yanke masa farce, kuma kada a sa masa kwalli ko wani haɗin gida.