Hukuncin Zakara Mai Faɗa a Cikin Kajin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon kaji a bayan gida. Cikin 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe mini, 5 sun fito zakaru, kajin mata kuwa duka-duka 9 ne. Tun da suka kai wata 5 babu zaman lafiya a akurkin. Kullum faɗa har da jini, sun fige wa kajin baya, ɗaya daga cikinsu kuma ya fara bin mutane, har ya yakushi ɗana mai shekara 3 a kumatu, ya kuma fatattaki yaron maƙwabta. Maigidana yakan shure shi, wani lokaci ya ɗaure shi a rana ya hana shi abinci wai don ya horu. Wasu sun ce a datse masa baki, wasu sun ce a yi masa fiɗiya, wani kuma ya ce a sayar masa zai riƙa haɗa shi faɗa. Ni kuma na ji an ce an hana zagin zakara, shi ya sa nake tsoron yanka shi. Mene ne hukuncin duk wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama ya ce: "Kada ku zagi zakara, domin yana tayarwa don salla." A Bukhari da Muslim kuma, daga Abu Huraira, an umarce mu idan muka ji carar zakara mu roƙi Allah falalarsa, domin ya ga mala'ika. Amma hanin ya tsaya a kan zagi, bai shafi yanka ba. Abu Musal Ash'ari ya ce ya ga Manzon Allah yana cin naman kaza, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, malamai kuma ba su raba namiji da mace a wannan halaccin ba. Saboda haka ki cire tsoron nan daga zuciyarki.

Kafin a kai ga wuƙa, ya kamata ku fahimci abin da ke faruwa a akurkinku, don hukunci yana bin sanin hakikanin abu. Zakara yana balaga ne tsakanin wata 4 zuwa 6, lokacin da sinadarin mazakuta yake hauhawa a jikinsa. Daga nan zai fara cara, ya fara hawan kaji, ya shiga neman matsayi a tsakanin 'yan'uwansa, domin kaji halitta ce mai tsarin shugaba da mabiya. Masu kiwo sun saba ba zakara ɗaya kaji 8 zuwa 10. Ke kuwa kin tara 5 a kan 9. Kenan kajin da suka ishi zakara ɗaya su ne biyar ke rububi a kansu, shi ya sa bayansu ya fige, shi ya sa jini ke zuba. Wanda yake bin mutane kuma gani yake yana kare iyalinsa. Yaro mai gudu da ihu da ɗaga hannu, a idonsa barazana ce, fuskar ɗan shekara 3 kuma tana daidai inda tsallensa ke kaiwa.

Idan kin gane wannan, kin gane hukuncin abin da maigidanki yake yi. Zakara ba mukallafi ba ne, wato ba wanda shari'a ta ɗora wa nauyi ba ne, bai yi laifin da za a rama a kansa ba, ɗabi'ar da Allah Ya halicce shi a kai yake bi. Shurin huce haushi, da ɗaure shi cikin rana, da hana shi ci da sha, duk azabtarwa ne, kuma haramun ne. Hadisin Ibnu Umar a Bukhari da Muslim sananne ne, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Shi dai Ibnu Umar ya taɓa wucewa ta wajen wasu samari sun kafa kaza suna harbinta, da suka gan shi suka watse, ya ce Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama ya la'anci mai yin haka. Ki lura, kaza ce a wannan ƙissar, irin wadda ke bayan gidanki. Na san zafin da uba ke ji idan ya ga jini a fuskar ɗansa, ban kuma raina shi ba. Sai dai ki isar masa da wannan cikin ladabi: yunwa da rana ba sa koya wa zakara komai, shuri ma sau da yawa tabbatar masa yake cewa mutum abokin gaba ne, sai ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ya halatta shi ne tunkuɗe shi a daidai lokacin da ya kawo hari, da allo ko tsintsiya ko ma ƙafa, gwargwadon abin da zai kau da shi. Wannan kare kai ne, ana kuma tsayawa da zarar ya ja da baya.

To mene ne wajibi a kanku? Kau da cutar, domin hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya ce babu cuta babu cutarwa. Ƙa'idar malamai kuma ita ce a fara da hanya mafi sauƙi matuƙar za ta yi aiki. Ku bar wa kajin zakara ɗaya, wanda ya fi natsuwa, irin wanda ke kiran kaji idan ya sami abinci, ba ya kuma kula mutane. Sauran a ware musu wuri nasu inda ba sa ganin kaji mata, don zakarun da suka tashi tare sukan zauna lafiya idan babu macen da za su yi kishi a kanta. Tsarewa irin wannan halal ce da sharaɗin ci da sha da inuwa da filin motsi. A sa mazubin abinci da na ruwa fiye da ɗaya, nesa da juna, don kada mai ƙarfi ya tare ya hana raunana. Duk wanda aka ji wa ciwo a fitar da shi nan take a wanke masa, saboda kaji idan suka ga jan jini sukan taru su yi ta sara har su kashe. Barin su "su daidaita kansu" bayan an ga jini sakaci ne da za a tambayi mai kiwo a kansa.

Ƙaimin da ke bayan ƙafarsa, babu laifi a goge tsininsa ko a rage kansa kaɗan, domin samansa kamar farce yake. Amma a cikinsa akwai ƙashi da jini, don haka guntule shi daga tushe ciwo ne mai tsanani, ba a yin sa sai da larura, a hannun likitan dabbobi. Haka baki: dushe tsininsa kaɗan abu ne mai sauƙi, datse shi har cikin nama kuwa bai halatta ba, don da shi yake ci, da shi yake gyara gashinsa.

Maganar fiɗiya tana buƙatar ɗan tsayawa. A Risala ta Ibnu Abi Zaid an ce babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an kuma hana a yi wa dawaki. Malamai da dama sun halatta ta a kan dabbar da ake ci idan tana ƙarama kuma ba a tsoron mutuwarta. Sai dai zakara ba kamar rago yake ba. 'Ya'yan marainansa a cikin ciki suke, kusa da ƙashin baya, sai an tsaga tsakanin haƙarƙari kafin a kai gare su, a gefensu kuma akwai manyan jijiyoyin jini. Masu wannan aiki suna yin sa ne tun tsako yana da 'yan makonni. Zakaran da ya riga ya balaga haɗarin zubar jininsa ya fi yawa, halin da ya saba da shi kuma ba lalle ya bari ba. Abin da na rinjayar a mas'alarki shi ne kada a yi, domin wahala ce tabbatacciya a kan amfanin da ake shakka.

Sayar da shi ga mai haɗa zakaru faɗa haramun ne. Akwai hadisin Ibnu Abbas a Abu Dawud da Tirmizi mai hana zuga dabbobi su yi faɗa. Malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarfin isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, amma hukuncin bai rataya a kansa shi kaɗai ba, domin haramcin azabtar da dabba don wasa tabbatacce ne, Allah kuma Ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Malaman Shafi'iyya sun ambaci wannan ciniki da sunansa, sayar da zakara don faɗa da rago don karo, suka jera shi da sayar da inabi ga mai yin giya. Idan da caca a ciki, zunubin ya zama biyu. Sayarwa ga mai yanka ko mai kiwo halal ne, amma dole a gaya wa mai kiwon cewa yana bin mutane, don ɓoye aibi ha'inci ne.

Shi wannan da ya riga ya ji wa yaro ciwo, shawarata ita ce a yanka shi, kada kuma a bar shi ya zama uban garke, don zafin hali yakan bi jini. Yanka mai kyau na ɗan lokaci ya fi masa sauƙi a kan ya ƙare rayuwarsa ɗaure da igiya. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Muslim ya umarta a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Kada a wasa wuƙar a gabansa, kada a fara figa sai ransa ya gama fita.

Game da yaron maƙwabta: asali ɓarnar dabba ba a ramuwarta, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Amma malamai sun fitar da dabbar da aka san ta da cutar da mutane. A wurin Malikiyya, wanda aka gargaɗe shi a kan dabbarsa mai cizo ya ƙi tsare ta, ya ɗauki lamunin abin da ta ɓata. Ku yanzu kun sani, don haka idan kuka sake shi ya ji wa wani ciwo, kuɗin magani a wuyanku yake. Shi ma ɗanki a kai shi asibiti a duba raunin, saboda farcen zakara da ƙaiminsa suna ɗauke da ƙazanta, ciwon yakan yi zurfi fiye da yadda ido ke gani.

Idan kuma wata safiya kuka tarar ɗaya ya mutu a faɗan, mushe ne, ba a cin sa, bisa aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Idan kun riske shi da sauran rai, yana motsi, kuka yanka, ya halatta a wurin mafi yawan malamai. Malikiyya sun ƙara sharaɗin kada raunin ya kai ga makasa, kamar fashewar ƙwaƙwalwa ko yankewar laka ko fitowar hanji. Idan ya kai nan, yanka ba ya halatta shi a mashhurin mazhabar.

Wallahu a'alam.