Kafin ka ajiye aikin albashi don gina shafukan intanet

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka koyi HTML da CSS, yarukan da ake tsara shafin intanet da kwalliyarsa da su, ka ɗan taɓa JavaScript mai sa shafi aiki in an danna, yanzu ka shiga React, kayan aikin da aka gina a kan JavaScript, kana son sanin ko lokaci ya yi da za ka bar aikin albashi ka riƙa karɓar aikin zana fuskar shafi da gina ta da kanka, da kuma inda ake samun masu ba da aikin. Da wannan sana'ar nake cin abinci shekara da shekaru, bari in gaya maka abin da na gani.

React dai kada ya ɗauke maka hankali tukuna. Facebook ne ya sake shi a 2013, kuma amfaninsa ya fi fitowa a manhajar da bayanai ke ta sauyawa a kan allo. Yawancin masu neman mai zaman kansa ba ita suke nema ba. Shafi biyar ko shida suke so: su wane ne mu, me muke sayarwa, hotuna, sai wurin tuntuɓa. HTML mai tsafta, CSS da ka iya Flexbox da Grid a cikinsa (hanyoyin jera abubuwa a kan shafi), da JavaScript daidai gwargwado sun ishe ka. Da yawansu kuma za su ce suna son su riƙa sauya rubutu da hoto ba tare da sun kira ka ba, a nan WordPress ke shigowa, wato manhajar gina shafi da ke ba mai shi damar sauya abin da ke ciki da kansa. Tun 2003 yake nan, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Wasu 'yan sana'armu suna yi masa kallon raini, ni kam ban taɓa ganin kwastoman da ya tambaye ni da me na gina shafinsa ba, in dai yana buɗewa da sauri a wayarsa.

Abin da ke karya mutane a wannan aikin ba rubutun kod ba ne. Rashin iyaka ne. Mutum zai zo ya ce ɗan shafi ne kawai, mai sauƙi. Ka yanka kuɗi a kan hakan. Sai ka kai rabi ya ce a ƙara wurin biyan kuɗi, gobe ya ce abokin kasuwancinsa bai son launin, jibi ya turo wani shafi da ya gani ya ce a mayar da nasa irinsa. Kowace buƙata ƙarama ce in ka dube ta ita kaɗai, shi ya sa kunya ke hana ka cewa a'a, har aikin mako biyu ya ci wata uku a kan kuɗin mako biyu. Kuma yawancinsu ba mugunta ba ce, ba su san cewa wurin biyan kuɗi aikin bayan fage ne, wato ɓangaren da mai ziyara ba ya gani, da ke buƙatar sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin) da tsaro ba, a ganinsu maɓalli ɗaya ne za ka dasa.

Maganin abin a rubuce yake. Kafin ka buɗe kwamfuta, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: shafuka nawa, me ke cikin kowanne, sau nawa za a yi gyara kyauta (ni biyu nake sakawa), wa zai kawo rubutu da hotuna da tambari, kuma yaushe. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau, domin jiran rubutu daga wajen mai aiki ya fi komai cin lokaci, sannan ya dawo yana tambayarka me ya sa aiki bai ƙare ba. Ka karɓi kafin alƙalami, rabi ko kusa da rabi, cikon kuma kafin ka ɗora shafin a adireshinsa na dindindin. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami ya riga ya nuna maka yadda ƙarshen zai kasance. In sabuwar buƙata ta taso, ba sai an yi faɗa ba, ka ce za a iya, ga kuɗinta, ga kwanakin da za ta ƙara. Ka kuma fara nuna wa mai aikin zanen a Figma, manhajar zana fuskar shafi, ya amince kafin ka rubuta layi ɗaya, don sauya launi a zane minti biyu ne.

Sunan shafi da masaukinsa, wato domen da hostin, ka sa a saye su da sunan mai aikin da imel ɗinsa. Wasu suna riƙe su a hannunsu don kwastoma ya kasa guduwa. Rikici ne kawai ke biyo baya, ranar da lokacin sabuntawa ya wuce shafi ya mutu, kai za a nema.

Wajen ingancin aiki, tun da Ethan Marcotte, wani mai zana shafuka, ya yi rubutunsa a 2010 kan shafin da ke daidaita kansa da kowane allo, wannan ya daina zama kwalliya. Ka fara da ƙaramin allo. Ka gwada a waya mai araha da intanet mai rauni, kada ka tsaya kan kwamfutarka. Ka gwada a Safari, manhajar buɗe shafuka ta Apple, domin abin da ya zauna daidai a Chrome yakan karkace a can. Internet Explorer dai, tsohuwar manhajar buɗe shafuka ta Microsoft, an yi masa ritaya a 2022, ka tsira daga wahalar da muka sha. Hotuna su ne suka fi nauyaya shafi, ka matse su ka mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke kan allo ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Rubutu fari-fari a kan fari yana da kyau a ido amma mai raunin gani ba zai karanta ba, ƙa'idar WCAG, wadda ke sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafi, tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum. Git kuma, mai adana tarihin sauye-sauyen kod ɗinka, ka koye shi yau.

Inda ake samun aiki: Upwork da Fiverr, shafukan da ke haɗa masu ba da aiki da masu yinsa, suna nan, amma cunkoso ya yi yawa ga sabon shiga, Fiverr kuma yana cire kashi 20 cikin ɗari. Ayyukana masu tsoka daga bakin tsoffin kwastomomi suka zo, da kuma masu aikin bayan fage da ba sa son taɓa CSS. Ka gina shafuka uku cikakku, ka ɗora su a masaukin kyauta irin su GitHub Pages ko Netlify, su kasance masu rai da mutum zai danna, ba hoton allo ba. Kowane aiki da ka gama, ka yi wa mai shi tayin kula da shafin duk wata, wannan ƙaramin kuɗin ne ke riƙe ka a watan da waya ta yi shiru.

Barin albashi kuwa, ni ba zan ba ka shawarar yanzu ba. Ka yi aikin da dare da ƙarshen mako, in har dokar wurin aikinka ta yarda, sai ka gama wa mutum uku ko huɗu sun biya ka cif, kuma ka tara abin da zai riƙe ka wata shida ko ba aiki. In ka ɗora shafukan nan uku, turo adireshinsu nan mu duba maka su a wayoyinmu.