Kara, Shanu da Gawo: Amsoshi ga Manoma

Wani manomi daga Gumel ya aiko da tambaya: "Gero da wake nake nomawa. Bayan girbi nakan sayar da harawa da kara, ragowar in cinna mata wuta. Yanzu ko na zuba takin zamani, amfanin ba ya kai na da. Mene ne abin yi?"

Malam, gonarka yunwa take ji. Kana kwashe hatsi, kana kwashe kara, wuta ta lashe abin da ya rage, babu abin da ke koma wa ƙasa. A da iyayenmu kan bar gona ta huta, kuma da kaka makiyaya su sauka, shanu su ci kara su bar kashi. Yanzu jama'a ta ƙaru, an nome burtali, kara ya zama kuɗi, sai wannan musayar ta yanke. Ba manomi kaɗai ya yi asara ba, har makiyayin.

Harawa ka sayar, ba laifi. Amma ka bar wani kaso na karan kwance a gona. Gara za ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Karan kuma yana tare ƙasar da iskar bazara ke kwasa ta binne shuka. Toyi kuwa, don Allah ka bar shi. Ɗan tokar da kake gani ba ta kai abin da ya ƙone ba. In akwai makiyayin da ka amince da shi, ku daidaita a gaban mai unguwa, ya kwana da shanunsa a gonarka da rani, yana sauya makwanci. Takin zamani a ƙasa mai yashi, in babu na gida a ƙarƙashinsa, ruwa ne ke wanke shi.

Wani kuma ya ce masu gawayi sun taya gawo uku da ke gonarsa, ko ya sayar?

Kada ka sayar. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Je ka duba zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ka kwatanta da ta fili. Da rani 'ya'yansa abincin awaki ne.

Dubi makwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1984, manoma suka daina tumɓuke tohon kututture lokacin sassabe. Sukan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su sare sauran. Ta haka itatuwa suka dawo a kusan hekta miliyan 5. In itacen girki kake buƙata, yi haka da kalgo da sabarar gonarka, ka riƙa rage rassa kafin faɗuwar damina.