Ku Tambaya Mu Amsa: "Ina son sana'ar rufa-ido, Hajiya ta ce tsafi ne"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne shekarata 23, ina zaune a Agege, gyaran waya nake koya a Computer Village wajen ogana. Tun ina yaro nake son wasan rufa-ido, yanzu haka na iya kusan kala goma da kati da igiya da murfin kwalba, duk a YouTube na koya, in na yi wa yaran shago sai kaga an taru har oga ya fara faɗa. Burina in riƙa zagaya gari gari ina wasa a gaban jama'a, kuma in buɗe shirina a intanet ina gayyato baƙi. Matsalar Hajiyarmu ta ce tsafi ne ba da yawunta ba, abokai kuma suna cewa babu abinci a ciki. Dan Allah mutum zai iya riƙe kansa da wannan ko in haƙura?
Daga wani mai karatu, Agege

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da maganar Hajiya dan ita ta fi nauyi, in bata sa albarka ba ko Eko Hotel ka cika da mutane ba zaka ji daɗin kuɗin ba.

Tsoronta yana da tushe. Mu da muka tashi muna ganin 'yan dabo a tasha da bakin kasuwa mun san yadda abin yake ƙarewa, mutum zai zaro ƙyalle daga baki ya maida takarda kuɗi yana surkulle yana kiran sunayen aljanu, in taro ya yi kauri sai ya buɗe jaka ya fara saida laya da maganin ƙarfe, wasu ma daga nan suke jan mutum gefe wai zasu ninka masa kuɗi. Abin da Hajiya take gani kenan in ka ce rufa-ido. Sihiri kuwa ba wasa a cikinsa, yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisi. Shi saurin hannu malamai sun yi magana a kansa, akwai masu hanawa saboda yaudarar da ke ciki, akwai masu sassautawa in kowa ya san dabara ce kuma ba a ci dukiyar kowa da ita ba. Ka je wajen malamin da ita Hajiya ta yarda da shi, ka yi wasan a gabansa sannan ka buɗe masa sirrin gaba ɗaya, abin da ya ce maka ka riƙe.

Ita ma ka nuna mata. Ka ɗauki goro ɗaya ka riƙe da yatsun hagu tafin hannu yana kallon sama, ka kawo hannun dama kamar zaka ɗauke shi, daidai lokacin da yatsun dama suka rufe shi sai ka sake shi ya faɗa tafin hagu, ka dunƙule daman ka ɗaga sama idonka yana binsa. Duk wanda ke wurin, hannun daman zai kalla saboda nan kake kallo, ka buɗe wayam. Sai ka juya mata baya ta tsaya ta kafaɗarka ka sake yi a hankali, taga goron yana faɗawa da idonta. Masu sana'ar basa son tona asiri, amma uwa ta wuce wannan dokar.

Akwai labarin da nake so ka riƙe. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura wani mai rufa-ido Robert-Houdin zuwa Aljeriya dan ya karya kwarjinin shehunan da jama'a ke bi. Ya ajiye ɗan akwati ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga cikin sauƙi, sannan ya ce ya zare masa ƙarfi, mutumin ya yi ya yi akwati ko motsi. Ƙarfe ne a gindin akwatin, a ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisu mai aiki da lantarki. Kaga dabara ce zalla amma da aka saida ta a matsayin wani iko sai ta zama makamin mulkin mallaka, kuma wannan labarin yana min ciwo duk sanda na tuna. Shahararren mai rufa-ido Harry Houdini da ya aro sunansa daga wannan mutumin, shekarunsa na ƙarshe kafin ya mutu a 1926 ya ƙarar da su yana tona asirin masu cewa suna magana da matattu. Dan haka duk inda ka tsaya, kalmarka ta farko ta zama "jama'a wannan dabara ce da horo, babu aljani babu asiri", kuma kar ka taɓa karɓar ko sisi da sunan magani ko duba.

Batun abinci kuma, abokanka basu san tarihin garin da suke zaune ba. Farfesa Peller mai rufa-ido, sunansa na gaskiya Moshood Abiola (ba MKO ba) ɗan Iseyin ta jihar Oyo, har Indiya ya je ya ƙaro ilimin wasan, ya zagaya ƙasar nan da maƙwabta yana cika zaure, sunansa ya shiga kowane gida. A nan Onipanu 'yan bindiga suka kashe shi ranar 2 ga Agusta 1997, ranar da mawaƙi Fela ma ya rasu. To an taɓa yi. Amma kar ka kalli David Copperfield da ya ɓatar da gunkin 'yanci na New York a talabijin a 1983 ka ce nan zaka fara, wannan aikin injiniyoyi ne da kuɗi masu yawa. Naka farkon shine bikin zagayowar haihuwar yara a Ikeja da Lekki, walimar ƙarshen zango a makarantu, dinar kamfanoni a Disamba, da bukukuwan mutanenmu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Kala goma ɗin nan ka tace su zuwa biyar da zaka iya yi ko an tashe ka daga barci, ka ɗinke su su zama wasan minti 20 mai farko da ƙarshe, da Hausa da Pidgin da ɗan Yarbanci dan Legas ce. Ka riƙa karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami, ka fita da wuri saboda gosulo, kayanka kuma kar su wuce jaka ɗaya da zaka riƙe a cinya cikin danfo. In ka fara samun kira daga Ibadan ga jirgin ƙasa nan yana tsayawa a Agege, zagayen gari gari daga nan yake farawa.

Intanet talla ce kafin ta zama albashi. YouTube in dogon bidiyo kake yi sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin su fara raba kuɗin talla da kai, data da fitila da makirfo duk daga aljihunka. Sannan kyamara ba ido bace, mutum a zaure zaka iya janye hankalinsa da magana amma mai waya zai maida bidiyo baya sau goma ya rage gudu har ya kama goron, wani kuma ya ce ai editin ne. Maganinsa ka ɗauka a tashi ɗaya ba yanka, hannunka biyu a cikin hoto, ko ka yi kai tsaye a TikTok da Facebook. Ka lura da abin da David Blaine ya yi a 1997 da ya fita titi, ya juya kyamara kan fuskar masu kallo, mamakinsu shi ya saida shirin. Kai da kake Computer Village ai ka fi kowa samun irin waɗannan fuskokin, ka dai nemi izinin mutum kafin ka ɗora shi.

Gyaran waya kuma kar ka sake shi yanzu, ka bari oga ya yaye ka tukuna. Dare da Lahadi sun ishe ka atisaye a gaban madubi, kuma ka daina tara masa jama'a a bakin shago lokacin aiki. In kun je wajen malamin ka sake rubuto min abin da ya ce da abin da Hajiya ta ce bayan ta ga goron.