Tambaya da Amsa: In sayar da PS4 ɗina in koma PS5, ko in ƙara haƙuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon gem a Dorayi, na'urar PlayStation 4 (PS4) guda huɗu da talabijin huɗu, da shi nake rufa wa kaina asiri har in taimaka a gida. Yanzu yara sun fara min ƙorafi wai ƙwallon PS4 ba irin ta PS5 ba ce, wasu ma sun koma wani shago a bayan layinmu da ya sa PS5 guda ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tunda sabuwa ta fito me ya sa har yanzu ake fitar da gem ɗaya a duka biyun, kuma iri ɗaya ne ko mu an rage mana wani abu? Dan Allah in sayar da guda uku in cika in sayi PS5, ko in haƙura tukuna?
Daga mai shagon gem, Dorayi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Bari in fara da abin da ya fi damunka, kar ka sayar da ukun nan. Yanzu zan faɗa maka dalili amma sai mun ɗan koma baya.

PS4 ta fito a Nuwamban 2013, PS5 kuma a Nuwamban 2020, kaga shekara bakwai tsakaninsu. A tsawon rayuwarta Sony sun sayar da PS4 sama da miliyan 117 a duniya. To ka sa kanka a matsayin kamfanin da ya kashe maƙudan kuɗi da shekaru yana haɗa gem, ga mutane sama da miliyan ɗari riƙe da tsohuwa, ga sabuwa da a lokacin ko a Amurka da Ingila ba a samunta a kanti saboda ƙarancin ƙananan kayan lantarkin da ake haɗa ta da su a zamanin korona, wa zai yarda ya kulle shagonsa a cikin kasuwa ya koma rumfar da ba kowa? Shi ya sa hatta Sony ɗin da kansu, masu son ka sayi sabuwar, suka fitar da Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök duk a 2022 a kan PS4 da PS5 tare. Lissafin kasuwa ne kawai, ba tausayinmu suke ji ba, amma wallahi mu nan lissafin ya yi mana rana. PS5 mai cin faifai ta fito a kan dala 499, kuma kai ma ka san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023, dalar da take wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Da a ce ranar da sabuwa ta fito aka yanke wa tsohuwa gem, da yawancin shagunan Kurna da Dorayi da Rijiyar Zaki sun daɗe da rufewa.

Kuma ba yau aka fara ba. PS2 ta fito a 2000 amma har FIFA 14 an yi mata, a 2013, shekarar da PS4 ta fito. PS3 ma ta samu har FIFA 19 a 2018, duk da cewa na ƙarshen nan suna ne kawai, riguna da sunayen 'yan wasa aka sabunta, wasan na da ne. Masu ƙwallo su ne na ƙarshe da ke barin tsohuwar na'ura kullum, don sun san inda masu buga ta suke.

Yanzu maganar ko an rage maka wani abu. Eh an rage, yaran nan ba ƙarya suke ba, sai dai sun ɗan ƙara gishiri. Tun FIFA 22 EA, kamfanin da ke yin gem ɗin, suka kawo wani abu da suka kira HyperMotion, sun sa 'yan wasa 22 sun saka wasu riguna masu ɗaukar motsi suka buga wasa sosai sha ɗaya da sha ɗaya, daga nan aka kwashi yadda ɗan wasa yake juyawa da yadda 'yan baya suke tafiya tare a layi. Wannan ba a saka shi a na PS4 ba. To in ka zura ido za ka ga na PS5 ɗan wasa ya fi tarar ƙwallo kamar mutum, ciyawa da 'yan kallo da fuskoki sun fi fitowa, kuma shiga wasa ba jira. Amma ƙungiyoyin ɗaya ne, 'yan wasan ɗaya ne, wanda ya iya ya iya. Ko bayan sun canza suna daga FIFA zuwa EA Sports FC a 2023 ba su bar PS4 ba, FC 24 da 25 da 26 duk sun sauka a kanta.

Inda bambancin yake da gaske a cikin na'urar ne. PS4 ƙwaƙwalwar aikinta giga 8 ce, PS5 16. Injin lissafin PS4 gudunsa gigahertz 1.6 ne, na PS5 yana kai 3.5 kuma sabon ƙira ne gaba ɗaya. Sannan babban abin shi ne ma'ajiya, PS4 had dis ne mai juyawa irin na tsohuwar laftof, PS5 kuma SSD ce mai kwaso bayanai kusan giga biyar da rabi a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa in ana haɗa gem don duka biyun dole a auna da ƙarfin ƙaramar. Ka taɓa lura a irin su God of War sai a sa ka kana kutsawa ta wani ɗan tsukin dutse a hankali a hankali? Sau da yawa irin wannan wurin lokaci ake saya wa tsohuwar na'ura ta gama lodin abin da ke gaba ba tare da ka ga baƙin allo ba. To mai PS5 ma sai ya bi tsukin nan duk da na'urarsa ba ta buƙata, kaga su ma suna da nasu ƙorafin, suna ganin mu ne muka riƙe musu ƙafa, kuma gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Wani lokacin ma ƙaramar ce take shan wahala. Cyberpunk 2077 da ya fito a Disambar 2020 ya yi wa PS4 nauyi sosai, yana sarƙewa yana fita da kansa, har Sony suka cire shi daga kantinsu na intanet sai a Yunin 2021 ya dawo, ƙarin labarin da aka yi masa a 2023 kuma ba a ma kawo shi PS4 ba. Tun daga wajen 2023 ɗin manyan suka fara ja da baya, Spider-Man 2 da Mortal Kombat 1 da Tekken 8 babu ko ɗaya a PS4, GTA 6 ma PS5 da sababbin Xbox kawai aka sanar. Wannan kam ka sa a ranka, zamaninta yana ƙarewa a hankali.

Amma kai shago gare ka, kuma kuɗin shago a yawan kujeru yake. Kwanaki na zauna a wani shago a Fagge bayan Isha'i, na'ura uku duk a cike, yara biyar a benci kowa da kuɗinsa a dunƙule a hannu yana leƙen minti nawa ya rage, fankar PS4 ɗaya tana kuka kamar injin markaɗe amma ba wanda ya ko waiwaya, duk hankalinsu na kan fanareti. Tun da na zauna har na tashi ƙwallo kawai ake bugawa. Ka ɗauka mai shagon nan ya mayar da ukun nan ɗaya, mutum biyu ne za su zauna, sauran su tafi, kuma man janareto bai ragu da komai ba, ita PS5 ɗin ma wajen wat 200 take ja in ana wasa, ta fi PS4 Slim ci nesa ba kusa ba, in sola kake amfani da ita ka lissafa da wannan. Ga kuma talabijin, in naka ƙananan nan ne na da, rabin kyan da ake faɗa ba za ka gan shi ba.

Abin da nake ganin ya fi, ka riƙe huɗun ka gyara su. Ka kai a buɗe a busa ƙurar hunturu, a canza man rage zafi da ke kan injin lissafin, kukan fankar zai ragu sosai, ka sayi pad masu kyau don yaro ya fi jin haushin pad mai ja gefe fiye da rashin kyan ciyawa. Sannan ka dinga ware wani abu kullum ko ka shiga adashe, in ya taru ka ƙara PS5 ɗaya a matsayin ta biyar ka sa mata farashinta daban. In ta hannu za ka saya, ko a Farm Centre ko Beirut Road, ka tsaya a kunna ta a gabanka ta yi ko rabin awa tana wasa, ka gwada faifai ka gwada pad.

TAMBAYA: Malam yayana ya aiko min da PS5, ina da faifan PS4 kusan goma, sun tashi a banza kenan?
Daga wata ɗaliba, Hotoro.

AMSA: A'a ƙanwata ba su tashi a banza ba, kusan duk gem ɗin PS4 yana yi a PS5, wasu ma sun fi gudu a kanta. Amma ki duba tukuna taki mai cin faifai ce, don akwai wadda ba ta da wurin saka shi, in ita ce to faifan ba za su yi miki ba. Wasu gem ɗin kuma in kin saka faifan PS4 za ki ga an ba ki damar sauke na PS5 ɗin, wani kyauta wani da ƙarin kuɗi, na Sony yawanci dala 10 ne, sai dai saukewar tana cin data sosai, giga gomomi, kuma duk sanda za ki buga sai faifan yana ciki. Ki kula ƙasar da aka buɗe akawun ɗinki ta dace da yankin faifan, in faifan na Turai ne akawun na Amurka damar ba za ta fito ba. Faifan PS5 kuwa ba ya yi a PS4 ko kaɗan, kar ki ara wa mai tsohuwa ya je ya wahala.