Kalmomin da tsofaffi ke faɗa a madadin ashar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "ja'iri", "shaƙiyyi" da "gidanku" da kakarka take yawan faɗa a Mai Wurno ta ƙasar Sudan zagi ne. Ba ashar ba ne; da su dattawa ke sauke fushi ba tare da sun ambaci uwa ko uban yaro ba, kuma sau da yawa wasan kaka da jika ne.

Sai dai daga babba suke sauka kan ƙarami. Na ga saurayin da Larabci ya rinjayi Hausarsa ya ce wa kawunsa "gidanku" yana dariya, aka kwana ana ba da haƙuri. Idan kuwa aka haɗa da daƙuwa, ko sa'anka zai ɗauka iyayensa ka taɓa.